Kafin Ka Rufe Wayar Wuta Da Ƙarfen Ado

Tun daga kakar bara, kusan duk taron ƙungiya da na je a ƙasar Bici, in an gama maganar taki da iri da bashi, sai wani ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ina so in sa wuta a ɗakin yaron nan da zai yi aure, me ka gani game da ƙarfen nan na ado da ake rufe waya da shi?" Ni malamin gona ne, ban koyi wayarin a matsayin sana'a ba. Amma tambayar ta yi yawa har ta sa na zauna da masu sana'ar, na bi su wurin aiki, na kuma koma ga ɗan abin da aka koya mana na kimiyya a kwalejin horon malamai. Ga abin da na gani.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, abin nan dogon ƙarfe ne siriri mai rami a ciki kamar indararo, da murfinsa. Akan kafa shi a jikin bango, a kwantar da waya a ciki, a rufe. Masu wayarin suna ce masa kesin. Akwai na roba fari, wanda kowa ya sani, akwai kuma na ƙarfe. Na ƙarfen ne ake yi wa fenti ruwan zinariya ko ruwan azurfa, wani har da zane, a bi da shi gindin bango ko bakin silin, ya zama kamar ado aka yi wa ɗaki. Wanda ya shiga ba zai ga waya ko ɗaya ba. Ba shakka yana da kyau. Wanda ya gan shi a gidan ɗan'uwansa a birnin Kano dole ya dawo da sha'awarsa.

Ra'ayina shi ne, a yawancin gidajenmu ƙarfen nan shi ya kamata ya zama na ƙarshe a cikin abin da za a kashe wa kuɗi, a ɗakin ƙasa kuwa gara a bar shi gaba ɗaya. Na san wasu ba za su ji daɗin wannan ba, sai dai ku bi ni a hankali.

Da farko ban ce a bar waya tsirara ba. Wayar da aka rataya a ƙusa, ta bi ta kan azara, ta sauko tana lilo a kan gado, ita ma masifa ce. Ɓera yana cin robarta, musamman a ɗakin da ake ajiye gyaɗa ko hatsi. Zafin kwano a watan Afrilu yana busar da robar har ta tsage. Yaro yana ja, uwargida tana rataya zane a kai. Wanda ya ce zai rufe wayarsa ya yi tunani mai kyau. Gardamata a kan abin da za a rufe ta da shi ne, da kuma irin wayar da ake rufewa.

Asalin abin ma daga matsala irin tamu ya fito. Lokacin da wutar lantarki ta fara shiga gidaje a Ingila da Amurka, bayan shekarar 1880, gidajen an riga an gina su tun zamanin fitilar mai. Ba wanda zai rushe bangonsa domin waya. Sai kafintoci suka riƙa fere katako mai rami biyu, waya ɗaya a kowane rami, a rufe da wani katakon mai ado. Daga baya aka ga katako yana shan laima, yana kuma cin wuta, sai aka koma ga ƙarfe. Wani kamfani a jihar Konetikat ta Amurka mai suna Wiremold ya yi suna a kan wannan sana'a tun farkon ƙarni na 20. Mu ma haka muke: kakanninmu sun gina soro da zaure ba su san za a yi NEPA a 1972 ba, balle a ce wata rana rana da kanta za ta ba mu wuta. Bambancin shi ne, su can bangonsu na jan bulo ne ko katako busasshe, akwai kuma ma'aikacin hukuma da ke zuwa duba aikin kafin a ba da wuta. Ƙarfen suka aiko mana, mai dubawar bai biyo shi ƙauye ba.

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona a daminar da ta wuce, a wani ƙauye yamma da Bici. Ba zan faɗi sunan kowa ba. Wani ɗan ƙungiyarmu, mutumin kirki mai ƙwazon noma, ya gyara ɗaki domin ɗansa. Ginin ƙasa ne, aka yi masa yaɓen siminti, aka buga silin, aka zagaye shi da kesin ƙarfe ruwan zinariya. Ranar biki kowa yana yabo. Da ruwa ya zauna a watan Agusta, amarya ta fara cewa in tana goge bango da tsumma mai laima sai ta ji wani abu yana tsira mata a yatsa. Aka ce ƙuruciya ce. Ta sake faɗa, aka ce ko sanyi ne ya kama mata hannu. Ranar da na je duba gonar wakensa, maganar ta taso a zaure, na ce a kashe wutar daga waje a kirawo wani mai wayarin dabam. Da ya ɓalle murfin, abin da muka gani ya sa jikina ya yi sanyi. A kusurwar ɗaki, inda aka yanke ƙarfen da zarto ba a goge bakinsa ba, kaifin ya yanka robar waya. A wani wurin an haɗa waya biyu, an murɗa, an naɗe da leda baƙa irin ta cefane. Wayar ƙasa kuwa babu ita sam. Watau duk ƙarfen da ya zagaye ɗakin nan, daga ƙofa har bayan gado, yana ɗauke da wuta. Abin da ya tsare yarinyar nan, bayan kiyayewar Allah, shi ne takalmin roba da take sawa da ledar da aka shimfiɗa a ƙasa. Da ta taɓa shi ƙafa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen daɓe, da wani labarin nake ba ku.

To, ga dalilin. Wutar da ke zuwa gidajenmu daga turke ƙarfinta wajen bolt 230 ne. Kullum tana neman hanyar da za ta bi ta koma ƙasa. Roba ba ta ba ta hanya, shi ya sa ake yi wa waya riga da roba. Ƙarfe kuwa yana ba ta hanya, jikin mutum ma haka, musamman in da gumi ko ruwa. In rigar waya ta yage a cikin kesin roba, wutar tana nan a tsare. In ta yage a cikin kesin ƙarfe, ƙarfen duka ya zama waya, mai tsawon ɗaki, a daidai inda hannun yaro mai rarrafe yake kaiwa.

Masu sana'a suna da maganin wannan, kuma shi ne ainihin abin da nake so ku riƙe. Duk ƙarfen da waya ta bi ta cikinsa dole a ɗaure shi da wayar ƙasa, wadda rigarta kore da rawaya ce (a tsohon aiki kore zalla). Wayar nan takan tafi har waje, a ɗaure ta da sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa, mai tsawon ƙafa 4 ko fiye. In wuta ta zube a jikin ƙarfen, sai ta bi wannan hanya maimakon ta jira mutum. Amma ba a gama ba. Kesin guntu-guntu ne ake haɗawa, fentin adon nan kuma ba ya barin wuta ta wuce daga wannan guntu zuwa wancan. Saboda haka kowace mahaɗa sai an kankare fenti an ɗaure ta sosai, in ba haka ba guntu ɗaya yana da kariya, sauran babu. Kowane baki da aka yanka sai an goge kaifinsa an sa masa zoben roba. Sa'an nan ƙasarmu ta nan rairayi ce, da rani takan bushe ƙayau, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta da sauri. Shi ya sa sanda kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da wata na'ura a akwatin wuta wadda ake kira RCD. Ita tana auna wutar da ta shiga da wadda ta dawo. In ta ga ɗan kaɗan ya ɓace, ko da kashi 30 cikin 1,000 na amfiya ɗaya ne, sai ta datse wutar kafin ƙiftawar ido. Tana da ɗan maɓalli na gwaji a jikinta da ake dannawa lokaci-lokaci a ga ko tana aiki.

Yanzu ku tambayi kanku: cikin masu zuwa ƙauyukanmu da filaya da sukundireba a aljihu, nawa ne suke yin wannan duka? Ba zagin su nake yi ba. Da yawansu yara ne masu neman halal, abin da maigidansu ya nuna musu shi suke yi. Mu ma muna da laifi, gama mu ne mukan ce, "Rage mini, wannan koriyar wayar ai ba ta kunna komai." Gaskiya ne ba ta kunna ƙwai, ba ta juya fanka. Aikinta rana ɗaya ne tak, ranar da abu ya lalace.

Sai maganar bango. Wanda ya yi ginin bulo da siminti, ya yi fulasta, rufinsa ba ya yoyo, in yana da hali ya kuma sami gwani, ban hana shi ba. A makaranta, ko ɗakin shan magani, ko majami'a, ko shagon injin niƙa, inda jama'a ke gogayya da bango, ƙarfe ya fi roba jure duka, ɓera kuma ba ya iya huda shi. Can yana da amfani na gaske. Amma ginin ƙasa dabam ne. Kowa ya san bangon ƙasa yana shan ruwa daga gindi da damina, ya yi gumi, ya bushe da rani, ya ɗan tsage. Ƙusa ba ta zama a cikinsa da ƙarfi. Bayan damina biyu ko uku sai ka ga kesin ya saki, ya rataya a kan wayar da aka ce ya tsare. Laima tana taruwa a cikin ramin, tsatsa ta ci daga ciki inda ido ba ya gani, waje kuwa zinariya tana ta ƙyalli. Gara ma tana son irin wannan lungu mai duhu, ta bi ta cika shi da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kyan ɗan maciji ke nan. A irin wannan ɗaki bututun roba ko kesin roba ya fi, a kafa shi a kan 'yan guntayen katako da aka binne a bango tun lokacin yaɓe, a ɗaga shi sama inda yara ba sa kaiwa, a nisanta shi da inda indararo ke zuba.

Abin da ya fi damuna ma shi ne wayar da kanta. Kuɗin manomi ƙididdigagge ne. In kesin ya cinye rabi, a wurin waya za a rage, kuma kasuwa cike take da wayar da za ta taimake ka ka cuci kanka. Akwai wadda ake yi da alminiyam a shafa mata jan ƙarfe a sama. Akwai wadda aka rubuta 2.5 a jikinta, amma in ka fere sai ka ga cikinta bai kai 1.5 ba, roba ce ta yi kauri. In za ka saya a Sabon Gari ko a nan Bici, ka ce a yanko maka ɗan guntu. Ka kankare silin ƙarfen da wuƙa: in ja ne har ciki, jan ƙarfe ne, in fari ya bayyana, ka ajiye musu kayansu. Ka ɗaga naɗin ka ji nauyinsa, gama jan ƙarfe ya fi alminiyam nauyi nesa ba kusa ba. Ka duba tambarin hukumar SON mai kula da ingancin kaya. Wayar da ake yi a ƙasar nan mai tambarin gaskiya tana da kyau ƙwarai, kada wani ya ruɗe ka da cewa tasa daga waje ta zo. Ƙa'idar da masu sana'a ke bi ita ce, waya mai lamba 1.5 ta fitilu ce da fanka, mai lamba 2.5 ta soket ce. Dutsen guga mai wat 1,000 yana jan amfiya 4 da ɗoriya, hitar dafa ruwa mai wat 2,000 tana jan kusan 9. In aka ɗora su a kan siririyar waya ta jabu sai ta yi zafi. Wayar da ke fili, in ta yi zafi, za ka ji ƙauri, ka ga ta yi baƙi, iska kuma tana ɗan sanyaya ta. Wadda aka cusa a cikin kesin tare da 'yan'uwanta huɗu ko biyar ba ta samun iska, ba kuma wanda ya gan ta. Shi ya sa ƙa'ida ta ce kada wayoyin da ke ciki su kai rabin ramin. Na ga inda aka danna murfi da gwiwa kafin ya rufu.

Masu sola kada ku ce wannan ba da ku ake ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareta ya gagari mutane da yawa, faifan sola ya yawaita a kan kwanukanmu. Ana cewa wutar batir ba ta jan mutum. Ta bolt 12 ba ta ja, gaskiya ne, amma tana ƙona gida. Ga lissafin, ɗan firamare ma zai iya: kayan da ke cin wat 120, a wutar bolt 230 amfiya rabi kawai suke ja. Kayan nan dai a batir mai bolt 12 amfiya 10 suke ja, watau ninki ashirin. Amfiya kuwa ita ce ke sa waya zafi. Don haka wayar batir ta fi bukatar kauri, ba siririyar wayar rediyo da nake gani ana amfani da ita ba. In kuma wayoyin batir biyu suka haɗu a jikin kesin ƙarfe, babu fiyus a kusa da kan batir, ƙarfen zai yi ja kamar a maƙera. Wanda kuma ya sa inbata, wutar da ke fitowa daga cikinta bolt 230 ce, tana kisa daidai da ta turke.

Na san abin da za a ce mini, an ma faɗa mini a ido. Wani dattijo ya ce, "Malam, kai ba ka san ɗakin amarya ba ne? Dangin yarinya za su zo jere, su ga farar roba kamar shagon caji?" Na ji wannan, ban kuma raina shi ba. Mutunci ba ƙaramin abu ba ne, kuma manomi yana da iko ya so abu mai kyau kamar kowa. Ba mutanen birni kaɗai aka halitta wa ido ba. Amma kesin roba yana karɓar fenti. A shafa masa irin na bango ya ɓace, ko a bi shi da launin da ake so. Wanda zai yi sabon ginin bulo kuwa, ya binne bututun roba a bango tun kafin fulasta, ba kesin ba waya, ba abin da ya fi wannan tsabta, kuma ya fi araha in an yi shi a kan lokaci. Na kuma lura, in aka tambayi matan da kansu, waɗanda su ne ke wuni a ɗakin da yara, su ne ke shafa bango da ruwa, amsarsu ba ta zama ɗaya da ta mazan ba. Matar shugaban wata ƙungiya ta ce mini ita dai a sa mata soket a sama inda ɗanta ba zai tura ƙusa ba, sauran ado ta yafe.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba. Tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a watan Nuwamban 2013, KEDCO ce ke kawo wuta a Kano da Katsina da Jigawa. Aikinta ya tsaya a mita. Daga mita zuwa cikin ɗaki, nauyin maigida ne. Akwai hukumar tarayya mai suna NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ce ke ba masu wayarin takardar shaida, tana kuma da ikon duba aiki. Ba laifi ba ne ka tambayi mai yi maka aiki ko yana da wannan takarda, ko wa ya koya masa, ko kuma yana da na'urar gwada wayar ƙasa. In ya fusata da tambayar, ka nemi wani.

A nan ne nake ganin ƙungiya za ta yi abin da mutum ɗaya ba zai iya ba. Mun saba haɗa kuɗi mu sayi taki a sari, mu raba. Waya ma haka take: naɗi guda daga dila amintacce ya fi yadi-yadi daga hannun wanda ba ka sani ba, a farashi da kuma inganci. In gida biyar za su sa wuta bayan kaka, su haɗu su kirawo gwani ɗaya, su biya kuɗin motarsa sau ɗaya, ya gwada kowane gida a gaban shaidu kafin a rufe murfi. Ina nanata wannan: kafin a rufe. Maigida ya bi layin da idonsa, ya ga babu haɗin leda, duk haɗi yana cikin akwatinsa, ya ga koriyar waya ta kai har sanda. Sa'an nan ga Kwalejin Ilimi ta Fasaha ta Tarayya a nan cikin garin Bici, a ƙofar gidanmu. Ƙungiyar da ta iya sayen injin ban ruwa ba za ta kasa ɗaukar nauyin yaro ɗaya ko yarinya ɗaya daga cikin 'ya'yanta su koyi aikin lantarki yadda ya kamata ba. Wanda zai dawo ya zauna a cikinmu, ya san gobe zai haɗu da kai a kasuwa, ba zai naɗe maka waya da leda ba.

Wanda ya riga ya sa kesin ƙarfe, ban ce ya ɓalle ya zubar ba. Kafin ruwan farko ya sauka, ya kashe wuta daga babban makunni, ya sa wanda ya iya ya buɗe murfin a kusurwoyi da mahaɗai, a duba yanka da tsatsa, a ɗaura wayar ƙasa in babu, a sa RCD. In wani a gida ya ce ya ji tsiri a bango, ko a ƙofar ƙarfe, ko a kwano, ko da yaro ne ya faɗa, a kashe wuta a ranar, kada a kwana.

A zagayen da zan yi na duba iri kafin shuka, zan zo da guntayen waya iri biyu, ta gaske da ta jabu, da ɗan guntun kesin da muka ciro daga ɗakin nan da na ba ku labari, maigidan ya yarda in nuna. Sakatarorin ƙungiyoyi su rubuta mini sunayen gidajen da ke da niyyar sa wuta ko sola a bana, domin mu san yawan wayar da za mu nema tare.